Lionel Matthews, Fursunan da Ya Ƙi Gudu Daga Sandakan

Ranar 15 ga Fabrairun 1942 Singafo ta faɗa hannun Japan, sojojin Ostireliya kusan 15,000 suka wayi gari suna fursunonin yaƙi. Cikinsu har da Kyaftin Lionel Matthews, haifaffen Adelaide a 1912, hafsa a sashen sadarwa na Runduna ta 8. Ja wa bataliyoyi waya shi ne aikinsa, kuma a fagen Malaya ya yi ta ja ana ruwan wuta a kansa, har aka ba shi lambar jarumta ta Military Cross.

A watan Yuli aka kwashe mutum wajen 1,500, da shi a ciki, zuwa Sandakan a arewacin tsibirin Borneo, su gina wa Japanawa filin jirgin sama da diga da shebur. Ga yunwa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni, magani kuwa sai dai labari.

Mai sadarwa ko a kurkuku sana'arsa ba ta barinsa. Matthews ya ƙulla hulɗa a ɓoye da 'yan sandan yankin da 'yan gari, Sinawa da Indiyawa da 'yan ƙasa, da kuma Dakta James Taylor na asibitin Sandakan. Ta hannunsu magani da kuɗi suka riƙa shiga sansani, haka ma tarkacen da fursunoni suka harhaɗa rediyo da su don jin labarin yaƙi. Hanyar ta kai har ga 'yan sari-ka-noƙe na Filifin, waɗanda suka karɓi wasu fursunonin da suka tsere a 1943. Shi ma ƙofar a buɗe take gare shi, ya ƙi fita, don idan ya tafi babu mai riƙe wa majinyata wannan igiya.

A Yulin 1943 asiri ya tonu. 'Yan sandan sojan Japan, wato Kempeitai, suka kama shi, suka gana masa azaba iri-iri da duka da horon yunwa, bai ambaci sunan kowa ba. Aka kai shi Kuching, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, aka harbe shi ranar 2 ga Maris 1944. A 1947 aka karrama shi da lambar George Cross, kabarinsa kuma yana maƙabartar sojoji ta Labuan.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a ranar da aka harbe shi an kuma harbe 'yan gari takwas da suka taimaka masa. Su ba sojan Ostireliya ba ne, ga iyali a gida cikin hannun abokan gaba. A ganina kasadarsu ba ta gaza tasa ba. Duk wanda ya san yadda aka yi saurin mantawa da dakarunmu da suka yaƙi Japan ɗin nan a dajin Bama, wannan shirun ba zai ba shi mamaki ba.

Waɗanda aka bari a Sandakan ba su ga da kyau ba. Daga Janairun 1945 aka riƙa kora su a ƙafa cikin daji zuwa Ranau, tafiyar kusan kilomita 260, wanda ya kasa a harbe shi a hanya. Cikin fursunoni sama da 2,400, 'yan Ostireliya da Ingila, mutum shida kacal suka rayu. Dukansu tserewa suka yi, kuma mutanen yankin ne suka ɓoye su, suka ciyar da su.