Yadda baƙin ƙarfe ke karya ragowar magunguna a ruwa, da abin da hakan ke nufi ga Minna da mazauna Kudu

Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da mutum ya haɗiya, ko Flagyl ne, ko Ampiclox, ko kafson nan ja da rawaya da kowa ya sani, ba duka jiki ke cinyewa ba. Masana sun ce daga kashi 30 zuwa 90 cikin ɗari, gwargwadon irin maganin, kan fita ta fitsari da bayan gida da ƙarfinsa. Haka abin yake ga saniyar da aka yi wa allura da kazar gona da aka zuba wa magani a ruwan sha. Daga nan sai kwata, sai rafi, wani lokacin kuma sai rijiya.

A Minna hanyar a fili take. Mafi yawan gidaje sun dogara da masai da sokawe, a unguwanni masu cunkoso kamar Kpakungu kuwa rijiya da masai kan zama maƙwabta. Da damina ruwa ya wanke gari, ya bi manyan magudanan da suka ratsa shi ya gangara rafuka. Ruwan famfo daga madatsun Tagwai da Bosso da matatar Chanchaga ba ya kai wa kowa kullum, shi ya sa jama'a ke komawa ga burtsatse da 'yan garuwa. Ɗan'uwan da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri ba sai an yi masa dogon bayani ba, don shi ma haka yake shan ruwa.

Mene ne abin tsoro?

Ragowar maganin da ke cikin ruwa kaɗan ce ƙwarai, ba ta isa ta warkar da kowa ba, ba ta kuma isa ta kashe ƙwayoyin cutar da ke wurin duka ba. To nan ne matsalar take. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Ranar da suka shiga jikin yaro, sai a ba shi maganin da aka saba amma shiru. Wannan shi ake kira bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a shekarar 2019, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. A 2019 ɗin kuma masana daga Jami'ar York ta Ingila sun auna ruwan koguna a ƙasashe 72, suka tarar da irin waɗannan magunguna a kashi 65 cikin ɗari na wuraren. Najeriya na cikin ƙasashen da aka fi samun wuraren da suka wuce iyakar da ake ganin ba haɗari, tare da Bangaladash da Kenya da Gana da Pakistan.

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, alif na kwantar da datti, kulorin ma na da nasa aikin. Sai dai babu ɗayansu da za a dogara da shi wajen kawar da ragowar magani gaba ɗaya. Shi ya sa masana suka shiga neman wata hanya mai araha, suka kuma waiwayi baƙin ƙarfe.

Ta yaya ƙarfe ke yin aikin?

Ƙarfen da ake nufi shi ne tsantsarsa da bai riga ya yi tsatsa ba, irin na ƙusa ko burbuɗin da ke zuba idan ana goge ƙarfe. Sirrin duka yana cikin yin tsatsar, kuma ta hanyoyi uku yake aiki.

Na farko, yayin da ƙarfe ke narkewa a hankali cikin ruwa yana sakin ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron. Wasu magunguna, kamar metronidazol wanda shi ne Flagyl, da kuloramfenikol, suna da wani sashe a jikinsu mai karɓar elektiron ɗin. Da ya karɓa sai ginin maganin ya sauya, ya rasa kaifinsa.

Na biyu, idan akwai iskar oksijin a ruwan, ƙarfen kan haifar da ɗan sinadarin haidirojin feroksaid, irin wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Shi kuma sai ya haɗu da narkakken ƙarfe su samar da wasu ƙwayoyi masu zafin gaske, waɗanda ke datsa duk maganin da suka ci karo da shi. Wani Baturen Ingila mai suna Fenton ne ya fara bayyana wannan haɗi a 1894, har yau da sunansa ake kiransa.

Na uku, ita kanta tsatsar tarko ce. Tana kama magani ta riƙe shi a jikinta, ta kwanta da shi. Wanda aka taɓa gargaɗinsa a kemis cewa kada ya sha Cipro ko tetirasaikilin lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini ya riga ya san wannan darasi, ko da bai lura ba. Ƙarfen da ke cikin ƙwayar yana ɗaure maganin ya hana jiki amfana da shi. Abin da ke zama asara a cikin ciki, shi ake nema a cikin ruwa.

Ba yau aka fara ba

A 1991 Robert Gillham da abokan aikinsa na Jami'ar Waterloo ta Kanada suka binne katangar garin ƙarfe da yashi a ƙarƙashin ƙasa a Borden, don gurɓataccen ruwan ƙasa ya ratsa ta cikinta ya fito da sauƙin guba. Wajajen 1995 aka gina irinta ta kasuwanci ta farko a Sunnyvale da ke Kalifoniya a Amurka. A 1997 kuma Wei-xian Zhang na Jami'ar Lehigh ya nuna cewa idan aka mayar da ƙarfen ƙanana sosai, ta yadda sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin silin gashi, aikinsa kan ninka sauri. Su ake ce wa burbuɗin nano.

Talaka ma ya ga amfaninsa. A Bangaladash, inda gubar arsenik ta addabi rijiyoyi, Abul Hussam ya ƙera matatar bokiti mai ƙarfe da yashi da gawayi mai suna SONO, wadda ta ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2007. A Nepal akwai matatar Kanchan da ke amfani da ƙusoshi. A lura fa, waɗannan don arsenik aka yi su. Gwajin ƙarfe a kan magunguna ya zo daga baya, kuma yawancinsa har yanzu a ɗakunan bincike yake.

A Minna, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano, tana da malamai a sassan kimiyyar sinadarai da injiniyancinsu da suka daɗe suna wallafa bincike kan tsabtace gurɓataccen ruwa da irin waɗannan ƙananan burbuɗi, har da na ƙarfe da na farar ƙasa. Ke nan ilimin yana nan a gida, ga yashi ga ƙarfe.

Inda gizo ke saƙar

Tsatsar da ke aikin ita ce kuma ke kawo cikas. Idan ta lulluɓe ƙarfen sai aikin ya yi sanyi. Sannan tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki biyu ko fiye, don haka matatar da aka cika da zallar ƙarfe kan toshe, dole a gauraya da yashi. Haɗin Fenton ya fi ƙarfi a ruwa mai tsami sosai, ruwan rijiya kuwa ba haka yake ba. Uwa uba, datsa magani ba shi ne ɓacewarsa ba, wasu gutsattsarin kan ci gaba da cutarwa, kuma sai da na'urar awo ake ganewa.

Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya zuba ƙusoshi a randa. Musamman 'yan'uwa masu sana'ar gwangwan da bola-jari: ƙarfen juji na ɗauke da fenti da baƙin mai da tutiya, wani lokacin har da dalma. Mutanen Neja ba su manta da yaran da gubar dalma ta kashe a ƙaramar hukumar Rafi a 2015 ba.

Inda wannan fasaha za ta fi amfani shi ne a bakin mafitar ƙazantar: kwatar asibiti, mayanka, gonar kaji da ta kifi. Nan ne maganin ke da yawa wuri ɗaya, kuma nan ne ƙwararre zai iya sa ido yana sauya ƙarfen idan ya gaji. Mayankar Tayi a Minna, ta Oko-Oba a Agege, da kasuwar Kara da ke gaɓar kogin Ogun, duk wurare ne da mutanenmu ke da baki a cikinsu. Ƙungiyoyin mahauta da na fataken shanu da sarakunan Hausawa na iya neman hukuma da jami'o'i su zo su auna ruwan da ke fita, su kuma gwada matata a wurin.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun kowa. A daina sayen kafso a hannun mai talla don mura ko ciwon kai, a sha shi kaɗai idan ma'aikacin lafiya ya rubuta, kuma yadda ya rubuta. Maganin da ya lalace kada a watsa shi a kwata ko masai, a mayar wa kemis ko asibiti. Dabbar da aka yi wa allura a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika kafin a yanka ta ko a sayar da nononta. Mai shirin haƙa rijiya kuma ya nisanta ta da masai, kamar mita 30 idan fili ya samu.