Lambun Tsakar Gida A Ƙasar Zinare: Daga Ina Ka Ɗebo Ƙasarka?

Duk wanda ya tashi a yankin Anka, Bukkuyum ko Gummi ya san da wuya ka shiga gida ka rasa ɗan lambu a bayan ɗaki. Zogale biyu a jikin katanga, yakuwa da rama a kusurwa, kuɓewa, wani lokaci har da tumatir da barkono a inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Iyayenmu mata ne ke riƙe da wannan aiki, kuma ranar da babu kuɗin cefane nan ake tsinko abin miya. Da yawa daga cikinmu masu kammala difloma bana muna da niyyar yin irinsa idan mun koma gida, wasu har da tunanin sayarwa. Shawarar da kowa zai ba ka ita ce taki, ruwa, da shinge saboda awaki. Duk gaskiya ne. Amma a wajenmu akwai tambayar da ta riga waɗannan duka: ita ƙasar da za ka yi shukar, me ke cikinta?

Mu ɗauki Duza a matsayin misali. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi masa komai. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. A lokacin zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, mutane suka duƙufa haƙa, kuma dutsen da ake haƙowa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gari a farfasa, a niƙa a injin niƙa, wasu su daka a turmi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ko'ina. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Allah Ya jiƙansu.

Maganin yaran bai isa ba sai an yi wa ƙasar magani, domin idan aka sallami yaro ya koma rarrafe a tsakar gida ɗaya, an koma gidan jiya. Shi ya sa tsakanin 2010 da 2011 aka bi Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Sunke, Tungar Daji da Duza gida-gida, sannan Bagega a 2013. Masana daga TerraGraphics da Blacksmith Institute tare da ma'aikatan muhalli na jiha da mutanen gari suka kankare saman ƙasa, kimanin santimita 5, aka kwashe a buhuna aka binne a ramuka na musamman, aka shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta. Don ku gane girman abin: ƙa'idar da Amurka ke bi a lokacin ita ce kada dalma ta wuce miligiram 400 a kowane kilo na ƙasar da yara ke wasa a kai. A wasu wurare na yankinmu an samu abin da ya haura 100,000.

To, ina ruwan mai lambu da wannan tarihi? Ruwansa kuwa babba. Dalma ƙarfe ce, ba ta ruɓewa kamar kashin awaki, wuta ba ta cinye ta, ruwan sama bai cika tafiya da ita can ƙasa ba. Tana nan a sama-sama shekara da shekaru. Ba ta da wari, ido ba ya ganinta, kuma abin takaici, alayyafo na iya yin kore shar a cikinta, ka ɗauka ƙasarka lafiya lau. Gidan da aka tsabtace ma, sabuwar ƙasar shimfiɗa ce ba mai kauri sosai ba. Ka ɗauko fartanya ka yi ta kafta da zurfi, kana iya maido da abin da aka rufe. Idan kuma wani a gidan ya ci gaba da shigowa da dutse, ko da kayan aikinsa masu ƙura, aikin ya koma baya.

Akwai wata fahimta da ya kamata a gyara. Mutane suna zaton babban haɗarin shi ne tsiro ya tsotsi gubar ta saiwa. Yana tsotsa, amma kaɗan, kuma ya danganta da irin shukar: ganyaye da masu yin 'ya'ya a cikin ƙasa irin su karas da dankali sun fi ɗauka, tumatir, barkono da kuɓewa ba su kai su ba. Hanya mafi muni ita ce ita ƙasar kanta. Ruwan sama ya daki ƙasa ta fantsama kan ganye, iska ta kwaso ƙura ta zuba, a shanya kuka ko zogale a kan tabarma a tsakar gida, a daka a turmin da ya taɓa ganin dutse. Ga kuma ƙanenka ɗan shekara biyu da zai biyo ka lambun, ya damƙi ƙasa ya kai baki. Jikin yaro ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta cika gyaruwa ba.

Nan ne zancen bonsai ya shigo, duk da na san wasu za su yi dariya. Kun sha ganin hotonsa a waya: itace mai kamar tsohuwar tsamiya amma tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, a cikin ɗan faranti. Sana'ar ta samo asali ne daga Sin, Japanawa suka ɗauka suka ƙware, kuma ma'anar kalmar ita ce shuka a cikin faranti. Ba wani irin itace ne na daban ba. Itace ne kamar kowane, sai dai an tsare saiwarsa a ƙaramin mazubi, ana rage masa rassa, ana lanƙwasa su da waya. Akwai wani a birnin Washinton da aka fara reno tun 1625, yana Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945, ya tsira, aka bayar da shi kyauta ga Amurka a 1976. Kusan shekara ɗari huɗu a cikin tukunya, malam!

Abin da ya ja hankalina a nan shi ne mai bonsai ba ya dogara da ƙasar da ya tarar. Shi yake zaɓo ta, ya haɗa, ya zuba, ya sauya ta idan ta gaji. Wannan dabarar ce daidai da mai lambu a Duza ko Bagega yake buƙata: ya raba shukarsa da ƙasar tsakar gida.

A aikace, buhu ya wadatar. Samu buhun hatsi wanda ka san tarihinsa. Wannan sharaɗi ne, domin da buhu ake jigilar dutsen zinare, kuma buhun da ya yi wannan aiki ko an wanke shi kada ka yarda da shi. Tsohon bokiti, jarka da aka yanke, ko tukunyar ƙasa duk suna yi, in dai ka huda gindinsu ruwa ya samu mafita. Ɗora su a kan bulo ko duwatsu, kada su zauna kai tsaye a ƙasa. Ita ƙasar kuma ka ɗebo ta daga gona mai nisa da inda aka taɓa niƙa, wanki ko shanya dutse. Ka guji bakin tafki da kududdufin da masu wanke zinare suka yi amfani da su, ko da ƙasar wurin ta yi baƙi tana ba ka sha'awa. Tambayi dattawan gari, sun san inda injinan suka zauna. 'Yan Gummi da ke da fadama kusa sun ɗan fi samun sauƙi, amma su ma tambayar ba ta faɗi a kansu ba.

Haɗin da ya fi sauƙi: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, in ƙasar laka ce mai danƙo a ƙara yashi ko buntun shinkafa don ta sha iska. Kalmar “ruɓaɓɓe” ba ta wasa ba ce. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. A tara kashin dabbobi da busasshen ganye da ɓawon kayan miya a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasar damina. Takin nan yana da wani amfani na biyu: yana riƙe dalma, ya rage yawan wadda saiwa za ta iya zuƙa. Toka kaɗan ma tana taimakawa saboda tana rage tsamin ƙasa, amma kaɗan ɗin fa, in ta yi yawa ganye zai koma rawaya. Sai a rufe saman buhun da busasshiyar ciyawa. Tana hana ruwa saurin bushewa a bazara, tana hana ƙasa fantsama kan ganye. Gara ce kawai matsalarta, sai an riƙa leƙawa. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, kuma ruwan wanki mai Omo ba na shuka ba ne, gishirinsa taruwa yake yi a buhu.

In an tsinko, a zubar da ganyen ƙasa-ƙasa, a wanke sauran da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, a shanya a kan rumfa a rufe da ƙyalle mai shara-shara. A wanke hannu kafin a ci abinci, na yara musamman.

Wanda kuma ke son gwada bonsai ɗin kansa, ba sai ya yi odar komai daga waje ba. Tsamiya tana karɓar aski sosai, ganyenta ƙanana ne, shi ya sa take kyau a tukunya. Ceɗiya da durumi reshe kawai za ka yanka ka dasa. Kuka tana yi, sai dai idan ta zubar da ganye da rani ka rage mata ruwa ƙwarai, in ba haka ba saiwar ta ruɓe. Ka bar tsiron ya yi shekara guda yana ƙarfi, sannan da farkon damina ka ciro shi, ka datse doguwar saiwar tsakiya, ka mayar a mazubi marar zurfi mai yashi da tsakuwa. Wayar wuta da ta lalace ta isa lanƙwasa reshe, amma ka kwance ta kafin ta nutse cikin ɓawo. Duk bayan shekara biyu ko uku a rage saiwa, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku, a sabunta ƙasa. A tsakiyar bazara tukunyar na iya neman ruwa sau biyu a rana, don haka ɗan hostel da ke tafiya hutu ya nemi wanda zai riƙe masa.

Kariya, mai jan furen nan da gindi kamar tulu, ita ta fi kowa kama da bonsai tun daga halitta, kuma masu sayar da furanni a birane suna samun kuɗi da ita. Sai dai ruwan jikinta guba ne. In akwai yara ko awaki a gidan, a ɗora ta inda hannu da baki ba za su kai ba.