Ba A Tashin Kasuwa Don Ɓarawo Guda

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya yada zango a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ko kuwa ya karkata ya bi ta Tudun Wada har Doguwa, lalle zai ga abin da kakanni ba su gani ba. Ga falke zaune bisa buhun masara, ya kanga ɗan abu kamar allon yara a kunne, yana cinikin mota guda da mutumin da ke Dawanau, ba ya ganinsa, kuma kafin ya tashi kuɗi sun shiga. Ga almajiri a zaure yana sauraron tafsirin malamin da ya daɗe da rasuwa. Ga tsohuwa a Bebeji tana ganin fuskar ɗanta da ke Makka, tana yi masa faɗan ya rame. Wannan duka aikin wayar hannu ne, wadda ta soma yaɗuwa a Nijeriya cikin shekarar 1422 ta Hijira, watau 2001, da kuma abin nan da ke tafe cikinta, wanda ake kira intanet.

Hausawa dai ba su taɓa rasa sunan raɗa wa baƙo ba. Keke ya zo suka ce dokin ƙarfe, jirgi ya iso Kano a 1911 suka ce jirgin ƙasa, domin da na ruwa kaɗai suka sani. Da intanet ta zo sai suka ce yanar gizo. Masu raha suna cewa wanda ya raɗa wannan suna malami ne, gama kowa ya san Gizo a tatsuniya: ga wayo, ga daɗin baki, ga ƙarya, kuma ba a taɓa yin tatsuniya mai daɗi ba shi ba. To, maganar da ke gaban jama'a ita ce, in Gizo ya yi ɓarna, yanar za a yage ko kuwa shi za a kama?

YADDA MAGANA KE TAFIYA

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake hukunci a kansa. Muryar mutum in ta shiga waya ba aljani ke ɗaukarta ba. Wayar ce ke juya ta ta zama ishara, ta aika cikin iska zuwa ga dogon ƙarfen nan da ake kafawa a bayan gari, shi kuma ya miƙa wa na gaba, har ta shiga wasu igiyoyi masu zare kamar gilashi da aka binne a ƙasa, waɗansunsu ma an shimfiɗa su a ƙarƙashin teku har Turai. Ran 14 ga Maris 2024 waɗansu daga cikin igiyoyin nan suka tsinke a teku wajen gaɓar Kwaddibuwa, sai intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, bankuna suka yi ta ba da haƙuri. Watau mai shinkafa a Tudun Wada, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, sai ga shi cinikinsa ya tsaya saboda abin da ya auku a gindin teku.

Abin lura a nan shi ne, hanyar tana da ƙofofi, kuma ƙofofin suna hannun kamfanoni ƙalilan, su kuwa kamfanonin suna ƙarƙashin hukumar sadarwa ta Gwamnatin Tarayya, wadda ake kira NCC. Mutanen Bebeji sun fi kowa gane wannan. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma mai riƙe da ƙofarta in ya murɗa, manomi dubu ne za su kwana da baƙin ciki. Haka ƙofar waya take. Takarda guda daga Abuja ta isa ta sa jiha guda ta yi tsit.

RANAR DA AKA TOSHE TWITTER

An gwada kuwa. Ran 2 ga Yuni 2021 kamfanin Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, yana cewa ya saɓa wa ƙa'idarsa. Ran 4 ga wata Ministan Watsa Labarai, Alhaji Lai Mohammed, ya ba da sanarwar an dakatar da Twitter a Nijeriya. Abin da ya ba mutane dariya shi ne, a cikin Twitter ɗin ma'aikatarsa ta buga sanarwar, kamar sanƙira ya hau rumfar kasuwa yana shelar an hana hawa rumfa.

Gaskiya ne ba kowane falke ne ya san da Twitter ba, WhatsApp da Facebook sun fi shiga karkara. Amma abin da ya biyo baya darasi ne ga kowa. Samari suka koma ga wata dabara da ake kira VPN, wadda ke sa wayar mutum ta zama kamar daga wata ƙasa take magana, tamkar ɗan fasa-ƙwauri da ya bar titi ya bi ta jeji. Sai ya zamana mutum yana kwance a Fagge, wayarsa tana Ingila. Masu zagi suka ci gaba da zagi, sai dai mai ƙaramar sana'a da ke tallan atamfa da turare a ciki, shi ne ya rasa masu saye. Bayan kwana 222, ran 13 ga Janairu 2022, aka buɗe. Cikin watan Yuli na shekarar kuma Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa toshewar ta saɓa wa doka da 'yancin faɗin albarkacin baki.

SHIRUN ZAMFARA DA KATSINA

Wancan na birni ne. Wanda ya taɓa talaka har ƙashi shi ne na daminar 2021. A farkon watan Satumba, bisa roƙon Gwamnatin Zamfara, hukumar NCC ta umarci kamfanoni su kashe waya a jihar baki ɗaya, domin a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Aka haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da mai a jarka. Ba a jima ba Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato a 14, Kaduna ma ta kashe a waɗansu sassa a ƙarshen watan.

Niyyar ba ta da aibi, gama jinin Musulmi ba abin wasa ba ne, kuma duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa ba zai ga laifin hukuma in ta gwada kowane magani ba. Amma a dubi yadda abin ya kasance. Mutanen Gusau suka riƙa shiga mota har Funtuwa don su yi waya kawai, ba a jima ba Funtuwar ma aka kashe tata. Mai kuɗi a banki ya zauna da yunwa. Ƙauyen da aka tasam ma ya rasa yadda zai kira soja. Ran 17 ga Oktoba aka afka wa kasuwar Goronyo a ƙasar Sakkwato, aka kashe fiye da mutum 40. Kafin ƙarshen shekara aka mai da waya a yawancin wuraren, ta'addancin kuwa bai ƙare ba.

Ba a kashe ta Kano ba, alhamdu lillahi. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dajin Falgore yana nan tsakanin Tudun Wada da Doguwa, hanyar Jos ta ratsa ta cikinsa, kuma an sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi a can. In wata rana wani ya kawo shawarar a kashe wayar yankin, to, a tuna direban da motarsa ta lalace a tsakiyar dajin da magariba, da makiyayin da ya hangi baƙin fuska yana son ya gaya wa dagaci, da matar da naƙuda ta kama a Riruwai. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kuma waya ta zama lalitar ɗan kasuwa. Wanda ya kashe ta yau, ba baki kaɗai ya rufe ba, har da aljihu.

WASA DA HUKUMA

Akwai kuma toshewa iri na biyu, wadda ba ta taɓa igiya, bakin mutum take kamawa. Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001. A 2007 wani hoton batsa da aka ɗauka da waya ya bazu, sai aka dakatar da shirya fim a jihar har wata 6, masu ɗinki da masu abinci da direbobin da ke ci daga sana'ar suka sha hukuncin laifin da ba su ji ba ba su gani ba. A watan Nuwamba 2022 kuma wata kotun majistare a Kano ta yanke wa waɗansu samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda wasan da suka yi a TikTok game da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Masu raha suka ce kotun ba ta taɓa yin tsabta irin ta wannan wata ba.

Ra'ayi ya rabu. Waɗansu suka ce maganinsu ke nan, mutuncin shugaba ba abin wasan yara ba ne. Waɗansu suka ce kafin hoton samarin ya kai ga mutum ɗari, labarin bulalar ya kai Ingila da Amurka, watau an je kashe wuta da fetur. Abin da ya kamata a tuna shi ne, ƙasar Hausa ba baƙuwar raha ba ce. Sarakuna sun ajiye wawa a fada yana faɗin abin da waziri ba ya iyawa. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai, suna jan baƙi a kan tuwo da miya, malaman na dariya suna ba su sadaka. Yara na tashe cikin azumi, Nalako yana bin gwagware a Kano. Mutumin Doguwa da maƙwabcinsa Bazazzagi kuwa kullum cikin tsokanar juna suke, ba a taɓa kai ƙara gaban alƙali ba. Magabata sun gane tukunyar da ba ta fitar da tururi ita ke fashewa. Sun kuma sa iyaka: wasa daban, ƙazafi daban, kuma mai ƙazafi shi kaɗai ake kamawa, da shaidu, a gaban alƙali.

MAGANIN ƘARYA

Kada mai karatu ya zaci ana wanke Gizo ne. Ɓarnarsa a fili take: 'yan damfara masu kiran mutum su ce daga banki suke, hotunan da ba su dace da ɗan Musulmi ba, da ƙarya mai gudu fiye da doki. A watan Agusta 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare guda cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin asuba gidaje da yawa sun zama kamar tukunyar miya, masu gishiri suka yi cinikin da ba su taɓa yi ba. Abin dariya ne, amma an ba da rahoton mutuwar mutum biyu, da yawa kuma suka kwana asibiti. To, me ya kashe wannan ƙarya? Ba kashe waya ba ne. Likitoci ne suka fito a rediyo, gaskiya kuma ta bi ta cikin wayar da ƙaryar ta bi, kafin kwana biyu kowa yana yi wa maƙwabcinsa dariya.

A nan ne aikin malamai yake, domin maganin yana cikin littattafansu tun kafin a haifi wanda ya ƙera waya. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi. Malaman hadisi irin su Imamul Buhari sun ƙare rayuwarsu suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shi mai gaskiya ne? Saƙon da ya zo ba sunan mai shi, ba gari, ba rana, sai dai a ƙarshe an rubuta a tura wa mutum goma, wannan a ma'aunin isnadi ko matsayin mai rauni bai kai ba. Malamin da ya koya wa almajiransa wannan tambaya guda, ya yi wa gari katangar da ta fi ta hukuma ƙarfi.

'Yan kasuwa su ma suna da nasu ilmin. Kowa ya san in aka kama mai tauye mudu, Sarkin Kasuwa shi yake hukuntawa, ba ya cewa kowa ya naɗe tabarmarsa. In ɓarawo ya shigo, a bi shi a kama, ba a tashin kasuwa dominsa. Ƙa'ida ce sananniya a Shari'a cewa ba a kama wani da laifin wani. Saboda haka abin da ya dace jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su riƙa gaya wa wakilansu na majalisa shi ne: a ƙaro ƙarafan waya a inda babu, musamman gefen daji, a kama mai damfara da mai ƙazafi da sunansa, a bar mai raha ya yi raharsa muddin bai ƙetare haddi ba, kuma kada a sake murɗa ƙofar da dubban bayin Allah ke sha daga gare ta ba tare da doka da shawara ba.

Allah ya ba shugabanni haƙurin jin abin da ba su so, ya ba talakawa ladabin faɗinsa, ya tsare kowa daga sharrin harshe da na ɗan yatsa, amin. Haza wassalamu.