Likitan fata daga nesa: me marasa lafiya suke gani a ciki?

Likitocin fata kaɗan ne a ƙasashenmu na Sahel, kuma yawancinsu a babban birni suke zaune. Manomin da wani gyambo ya ƙi warke masa, kafin ya kai gaban ɗayansu sai ya biya kuɗin mota, ya nemi masauki, ya bar gona babu mai nome ta. Shi ya sa da yawa suke haƙura har ciwo ya ci jiki.

A ƙasar Mali an gwada wata dabara tun shekarar 2015, bisa jagorancin Farfesa Usman Faye, likitan fata a Bamako, da tallafin gidauniyar Pierre Fabre ta Faransa. An koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane cututtukan fata da aka fi samu. Wanda ya gagare su sai su ɗauki hotonsa, su rubuta shekarun mai ciwon da tsawon lokacin da ya yi da shi, su aika ta intanet. Likita ya duba daga Bamako, ya maido da amsa. Hanyar aikawar ana kiran ta Bogou, kalmar Zabarmanci da ke nufin aikin gayya. Sunan kuwa ya dace.

Abin da ya fi daɗaɗa wa marasa lafiya rai a irin wannan tsari shi ne amsa tana zuwa cikin ƴan kwanaki, suna gida. Wanda ciwonsa ƙyasbi ne ko makero an hutar da shi tafiyar banza. Wanda aka ga alamar sankara a jikinsa kuma zai tashi da takarda a hannu, ya san inda za shi.

Amma akwai masu ɗari-ɗari, kuma ba su yi laifi ba. Mace ba ta son hoton jikinta ya shiga salular wani. Haƙƙinta ne a nemi izininta tukuna, a gaya mata wa zai gani. Wasu kuma hankalinsu ba ya kwanciya sai likita ya taɓa wurin da hannunsa. A nan akwai gaskiya: hoto yana nuna zato ne kawai. Tabbatar da sankara sai an yanki ɗan guntun fata an duba shi da madubin likita. Hoton da aka ɗauka cikin duhun ɗaki ma yana iya ɓad da likita.

Zabiya su suka fi kowa shiga haɗarin sankarar fata, domin fatarsu ba ta da sinadarin da ke tare zafin rana. Malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu da barin aikin gona da tsakar rana suna kare su ƙwarai. Mai baƙar fata ma bai kuɓuta ba: tasa takan fito a tafin ƙafa, ko ƙarƙashin farce, ko bisa tsohon tabon ƙuna.

Ƴan uwa, gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, ko baƙin tabo mai girma, mai canza kama ko zubar da jini, a kai shi asibiti mafi kusa. A tambayi ma'aikacin ko yana da hanyar nuna wa likitan fata hoton. In amsa ta ce a tafi birni, kada a jira sai an gama girbi.