Tsire da Bulgogi: Hanyoyi Biyu na Tsuma Nama Kafin Gashi

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Dambatta da Makoɗa zuwa Bichi da Kunci, inda gona ke manne da gona har da wuya a ga dajin da ba a noma, gashin nama sana'a ce mai masu ita. Mahauta ne ke yin ta, galibi gado suka yi, kuma a bisa al'ada Sarkin Pawa ne shugabansu. Magidanci yakan sayo tsire ko balangu a ranar kasuwa ya kai wa iyali a ƙunshe cikin takarda, amma ba kasafai ake hura wutar gashi a tsakar gida ba sai da Babbar Sallah, lokacin da naman layya ke yawaita. A ƙasar Koriya kuwa masu cin naman su ne masu gasa shi, domin ana ajiye garwashi ko kasko a tsakiyar teburi, kowa yana juya rabonsa yana ci da zafinsa. Mafi shahara a irin wannan gashi shi ne bulgogi, kalmar da ke nufin naman wuta, sai kuma galbi, wato haƙarƙarin saniya.

Abin da ya haɗa al'adun biyu shi ne wuƙa. Mai tsire yana feɗe tsoka ne falle-falle kafin ya soke ta a tsinke, kamar yadda mai kilishi ke shimfiɗa yanka har sai ya kusa zama takarda, haka kuma Bakoriye ke yanka naman bulgogi siriri, yana gitta zaren tsokar maimakon ya bi tsawonsa. Dalilin ɗaya ne: kayan ƙamshi ba sa ratsa nama da nisa, gishiri ne kaɗai ke kutsawa ciki a hankali, saboda haka duk wanda ya jiƙa ƙaton gunduwa yana fatan ɗanɗano ya kai tsakiya ya yi asarar kayan haɗinsa.

Inda suka rabu shi ne wajen ruwa. Haɗin Hausawa busasshe ne, ginshiƙinsa garin ƙuli-ƙuli, wanda ake samu daga tunkuza, wato abin da ya rage bayan mata sun matse man gyaɗa, sai a ƙara citta da barkono da masoro da kanumfari da kimba da gishiri. Ana birgima naman a cikin garin, a yayyafa masa mai, a kafa tsinkayen kewaye da wuta a kan tukuba, wato tudun toka da ƙasa da mai tsire ke ginawa, inda zafi ke isa ga naman daga gefe ba tare da harshen wuta ya lashe shi ba. Ko labu, kwaɓin tunkuza da yaji da ake tsoma kilishi a ciki, ana yin sa ne don a sake shanya naman a rana. Wannan busasshen haɗi ya dace da ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, da kuma ƙasar gyaɗa, wadda nomanta ya bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Haɗin Koriya kuwa ruwa-ruwa ne, tushensa ganjang, baƙin ruwan gishiri da ake samu daga waken suya da aka bari ya ruɓa bisa tsari na watanni, sannan a zuba sukari ko zuma, da man riɗi, da tafarnuwa, da albasa, da masoro, da markaɗaɗɗen wani ɗan itace mai zaƙi da ruwa da suke kira bae.

Wannan ɗan itacen shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin aikinsa ba zaƙi kaɗai ba ne. Yana ɗauke da wani sinadari mai sassauta zaren tsoka, kuma irin wannan sinadarin yana nan, har ma ya fi ƙarfi, a cikin ɗanyar gwanda da abarba, akwai shi kuma a ɗanyar citta. Shanun da ake yankawa a kasuwannin karkarar Kano, irin su bunaji da bokolo, dabbobi ne da suka sha tafiyar kiwo, wasu ma sun yi shekaru suna jan garma, saboda haka namansu ba shi da kitse a cikin tsoka kuma yana da tauri. Ga irin wannan nama, jiƙo mai gwanda ya fi amfani nesa ba kusa ba fiye da yadda yake ga lallausan naman shanun Koriya. Sai dai gwanda ba ta son ganganci: cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar ɗanya ya wadatar ga rabin kilo, kuma idan aka wuce awa guda naman yakan dagargaje ya rasa armashin tauna.

Ga rabin kilo na tsokar saniya ko ta rago, ma'aunin haɗin bulgogi da aka saba shi ne cokali 4 na ruwan waken suya, wato ganjang, cokali 2 na sukari, cokali 1 na man riɗi, ƙwayar tafarnuwa 4, rabin albasa da ɗan masoro. Riɗi ba baƙo ba ne, tunda a kasuwar Dawanau ake tara shi buhu-buhu kafin a fitar da shi zuwa ƙasashen Asiya, sai dai na wannan haɗi soyayye ake so kafin a matse, saboda ƙamshin a suyar yake. Mazarƙwaila tana maye gurbin sukari, ta ma fi shi dacewa. Ruwan waken suya ne kaɗai sai an nemo shi a manyan kantunan birni. Wanda bai samu ba yana iya daka daddawa da gishiri, ya dama da ruwa kaɗan ya tace, domin ita ma daddawa ɗiyar ruɓar ƙwaya ce, ko ta kalwa ko ta waken suya, ko da yake ɗanɗanon zai karkata zuwa na miyar gida. Koriyawa sukan ɗiga giyar shinkafa a cikin haɗin, sukan kuma gasa naman alade, waɗanda duka biyun haramun ne ga Musulmi, kuma barin giyar ba ya rage wa bulgogi komai.

Akwai haɗari biyu da mai gwadawa a ƙauye zai kiyaye. Na farko shi ne zafi, domin ɗanyen nama a cikin ruwan haɗi yana saurin lalacewa inda babu firji, don haka bai kamata ya wuce awa ɗaya a lokacin bazara ba, a rufe, a inuwa, kusa da randa, kuma ruwan da ya rage a kwano ba a zuba shi a kan gasasshen nama sai an tafasa shi. Na biyu shi ne sukari, wanda ke ƙonewa tun kafin nama ya nuna. Saboda haka ana jira gawayi ya ruru har toka ta lulluɓe garwashin, a tsane naman, a baza shi a kan waga ko kasko ba tare da cunkoso ba, a juya shi bayan minti ɗaya ko biyu.

Koriyawa suna naɗe kowace loma a cikin ganyen latas tare da shinkafa da yankan tafarnuwa da ɗan kwaɓin barkono, abin da suke kira ssam. Latas yana samuwa a lambunan rani na bakin madatsar ruwan Tomas da ta Watari, kuma a inda babu shi, kabeji da albasa da tumatir da aka saba ci da balangu sun isa, tare da gurasa a madadin shinkafar.