Ba Hausa Ce Ta Hana Yaranmu Iya Karatu Ba

Tun da Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa gwamnati ta soke tsarin koyar da ’yan firamare da harshen uwa, wanda aka amince da shi a 2022, ake ta muhawara. Iyaye da yawa sun yi murna, don a ganinsu yaron da aka fara koya masa da Hausa ya yi bankwana da Turanci ke nan. Wannan fahimta ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Shiga aji uku a makarantar gwamnati ka gani. Malama ta karanta jimlar Turanci a allo, yara fiye da ɗari su amsa da ƙarfi har a jiyo su daga bakin titi. Kira yaro ɗaya, ka nuna masa kalma guda a tsakiyar jimlar. Sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. Hadda ya yi, bai yi karatu ba.

Karatu shi ne yaro ya gane cewa wannan baƙi yana wakiltar wannan sauti, ya harhaɗa su, kalmar da ya sani ta fito. A Hausa baƙi da sauti suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa: ya haɗa “ra” da “go”, ya ga rago a zuciyarsa. Turanci kuwa baƙaƙe 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, kuma ko yaron ya furta kalmar daidai, bai san me take nufi ba. Sau ɗaya ake koyon karatu. Telan da ya ƙware a keken ƙafa ba ya komawa yaron shago don an sayo masa na lantarki.

An kuma gwada abin a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara komai da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci yana darasi guda. Sun zarce takwarorinsu a darussa da dama, kuma Turancin bai ba su baya ba.

Hujjar hukuma ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO. To amma yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba. Littattafai nawa aka buga? Malamai nawa aka horar? Tsarin da bai isa aji ba, da wane laifi za a kama shi?

Turanci dole ne, a koyar da shi da kyau tun daga aji ɗaya. Amma duk uban da ke son sanin gaskiyar makarantar ɗansa, ya miƙa masa shafin da bai taɓa gani ba, ya ce ya karanta, sannan ya faɗi abin da ya fahimta.