Ma'aunin da Kwamfuta Ke Tantance Rubutu da Shi

Duk ma'aikatar da ke tara sunayen jama'a da lambobinsu ba ta rasa kurakurai a kundinta, kuma da yake ba mahaluƙin da zai iya bin miliyoyin layuka ɗaya bayan ɗaya, sai aka ɗora wa manhajar kwamfuta wannan bincike. Ana rubuta mata ƙa'ida, a ce lambar wayar hannu a Nijeriya alƙaluma 11 ce, farkonta sifiri. Duk wadda ta saɓa, walau harafi ya kutsa ciki ko alƙalami ɗaya ya faɗi, sai ta ware ta a duba. Masanin lissafi Stephen Kleene na Amurka ne ya aza harsashin tsara irin wannan ƙa'ida a 1951.

Sai dai ƙa'ida zahiri take dubawa, domin lambar ƙarya mai alƙaluma 11 za ta wuce salin alin. Abin da ya fi damuna kuwa, idan mai tsarawa ya halatta haruffan Turanci 26 kaɗai, to, Ɗanladi da Ƙasimu sun zama kuskure, alhali sunayensu sahihai ne. Wajibi ne masu tsara mana manhaja su shigar da ɓ, ɗ da ƙ cikin ƙa'idarsu.